Modelica, Simscape ko Python da Pint: wacce za ta kama maka kuskuren ma'auni?

Ana gab da kiran la'asar wani ɗalibi da nake duba aikinsa na kammala digiri ya shigo ofis, kwamfuta a buɗe a hannu, fuska cike da fara'a. Ya zana tsarin raba ruwa na wata unguwa a EPANET, manhajar nan ta kyauta da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar. Ya ce, "Malam, duba ka gani. Ruwa na isa kowane gida, matsin bai faɗi ba ko kaɗan." Na ja kujera na leƙa. Layin da ya fi nisa mita 600 ne daga tanki, faɗin bututun milimita 50, amma asarar matsi kusan sifili. Duk wanda ya taɓa jiran ruwa a famfon ƙarshen layi ya san ruwa ba ya tafiya kyauta a cikin bututu. Na ce ya buɗe mini wurin zaɓen ma'aunin gudun ruwa. A kan GPM yake, wato galan na Amurka a minti ɗaya, kamar yadda manhajar take zuwa tun asali.

A EPANET wannan zaɓi guda shi ke jan sauran duka. Idan ka bar shi a GPM, tsawon bututu ya zama ƙafa, faɗinsa ya zama inci. To, 50 ɗin da yaron ya rubuta da niyyar milimita, manhajar ta karanta shi inci 50, bututun da ya kai mita 1.27, wanda yaro ƙarami zai yi tafiya a tsaye a cikinsa. Mita 600 suka koma ƙafa 600, kimanin mita 183. Lita 2 a sakan suka koma galan 2 a minti, kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida na abin da ya nufa. Muka mayar da zaɓin kan LPS, wato lita a sakan. Da yake EPANET ba ta taɓa lambobin da aka riga aka shigar idan an sauya ma'auni, sai kowace lamba ta koma ma'anar da ya yi niyya tun farko. Nan take gidajen ƙarshen layi suka nuna babu ruwa. Fara'ar ta tafi, amma a ranar ne aikinsa ya fara zama aiki.

Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya tambaye ni wace manhaja zai yi kwaikwayon na'ura da ita, wato gwada aikinta a kwamfuta, kafin mu yi maganar sauri ko kyan hotuna nakan tambaye shi: a ina lambarka za ta rabu da ma'auninta, kuma wa zai gani idan ta rabu?

Abu uku ne ake haɗawa a kira su "ma'auni"

Na farko shi ne dangi. Mita, ƙafa, inci da kilomita duk dangin tsawo ne. Tsarin awo na duniya, SI, wanda aka amince da shi a 1960, ya tsaya a kan dangi bakwai: tsawo, nauyi, lokaci, zafi, gudun lantarki, yawan sinadari da ƙarfin haske. Kowane abin awo daga cikinsu ake haɗa shi. Gudu tsawo ne a raba da lokaci. Gudun ruwa a bututu tsawo ne sau tsawo sau tsawo a raba da lokaci. Tun 1822 masanin Faransa Joseph Fourier ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ɓangarori biyu na kowace jimlar lissafi dole su zama dangi ɗaya. Ba a tara tsawo da lokaci.

Na biyu shi ne ma'aunin kansa, wanda aka zaɓa daga cikin dangin. A nan lita a sakan da mita kubik a awa suke bambanta, alhali dangi ɗaya ne.

Na uku ya fi wuyar kamawa: abubuwa biyu su zama dangi ɗaya, ma'auni ɗaya, amma gida daban. Ƙarfin murɗa na injin da makamashi duka nyuton ne sau mita, amma wanda ya tara su ya yi shirme. Haka juyi a sakan da radiyan (ma'aunin kusurwa) a sakan. Haka zafin abu da bambancin zafi tsakanin abu biyu.

Manhajoji da yawa suna tallar cewa sun san ma'auni. Wata na farko kawai take dubawa, wata ta haɗa da na biyu, ƙalilan ne suke leƙa na uku.

Domin kwatancin ya tsaya a ƙasa, bari mu riƙe aiki ɗaya da ɗalibai ke yawan kawowa: famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, yana tura ruwa tanki domin noman rani. A cikinsa akwai farantin sola, injin lantarki, famfo, bututu da tanki. Kuma kowane ɓangare da harshen da ake sayar da shi a kasuwa. Famfo da ƙarfin doki, bututu da inci, tanki da lita, takardar kamfani da mita kubik a awa. Ƙarfin da ruwa ke buƙata shi ne nauyin mita kubik na ruwa, sau jan ƙasa, sau gudun ruwa, sau tsayin da za a ɗaga shi. Mita kubik 3 a awa, tsayi mita 40, ya ba da kimanin wat 327. Wanda ya manta ya raba da 3,600 zai ga sama da wat miliyan ɗaya, kuma wannan kuskure ba ya ba ni tsoro, domin shi ke tona kansa. Wanda nake tsoro shi ne ƙarami. Galan na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka lita 3.785, wanda muke kira galan a kasuwa kuma lita 4. Ƙarfin doki ɗaya wat 745.7 ne a wani tsari, wat 735.5 a wani. Irin waɗannan sukan wuce gaban malami da mai jarrabawa, su isa gona.

Modelica: tun ran gini, ran zane

Modelica harshe ne, ba manhaja ɗaya ba. Hilding Elmqvist na Suwidin ne ya jagoranci ƙirƙirarsa, sigar farko ta fito a 1997. Ana sarrafa shi da Dymola, ta kuɗi, wadda Dassault Systèmes ya saya a 2006, ko da OpenModelica, ta kyauta, wadda ta taso daga Jami'ar Linköping. A wannan harshe kowane mazubin lamba yana iya ɗaukar bayanai uku: irin abin da yake aunawa, ma'aunin da ake lissafi da shi, da ma'aunin da ake nuna wa mutum a allo. Ka ga ya taɓo duka ukun da na ambata. Taskar harshen ta riga ta tanadi ɗaruruwan nau'o'i a ƙarƙashin Modelica.Units.SI (kafin sigar 4.0.0 ta 2020 sunansa daban ne, shi ya sa tsofaffin misalan intanet kan ƙi tashi). Idan ka ce mazubi zafi ne, lissafi da kelbin (ma'aunin zafi na SI) zai gudana, allo ya nuna maka digirin salshiyos. Rabuwar nan tsakanin abin da injin ke lissafi da shi da abin da ido ke gani ita ce babbar hikimar harshen. Ka rubuta 3 a akwatin gudun ruwa, ka zaɓi mita kubik a awa, a ciki a ajiye 0.000833.

Amma abin da ya fi amfanar mai famfon sola ba wannan ba ne, mahaɗai ne. A Modelica ba lamba ake turawa daga akwati zuwa akwati ba, haɗa na'urori ake yi kamar yadda mai gyara ke haɗa su. Mahaɗin lantarki yana ɗauke da bolt da amfiya. Mahaɗin sandar juyi yana ɗauke da kusurwa da ƙarfin murɗa. Mahaɗin ruwa yana ɗauke da matsi da kilon ruwan da ke wucewa a sakan. Ka ja layi daga wayar farantin sola zuwa bakin bututu, manhajar ta ƙi. Saboda haka wanda ya gina samfurinsa da kayan taska, faranti zuwa injin, injin zuwa famfo, famfo zuwa bututu, kusan ba shi da wurin yin kuskuren dangi. An toshe ƙofar tun kafin ya iso.

Inda rauninsa yake kuwa, wajibi ne a faɗa a fili, domin ɗalibai da yawa sukan saki jiki. Ƙa'idar harshen ta ba da wurin rubuta ma'auni, amma binciken daidaitonsa a cikin jimlolin lissafi aikin manhajar da kake amfani da ita ne, kuma ba su kai juna ba. Dymola ta daɗe tana yi, har takan gano ma'aunin da ba ka rubuta ba daga sauran. OpenModelica ma tana da nata, amma ka je ka tabbatar a kunne yake, kuma ka saba karanta gargaɗin da ke ƙasan allo, domin samfurin zai iya tashi ya ba da sakamako alhali gargaɗin na nan. Na biyu, harshen ba ya juya ma'auni a tsakiyar lissafi. Idan mazubi ɗaya awa yake amfani da ita, ɗayan sakan, ka daidaita su, iyakarka gargaɗi. Ba wanda zai saka maka 3,600. Dole ka kira ɗaya daga cikin masu juyawa da ke cikin taska. Na uku, lamba tsirara da ka jefa cikin jimla, kamar 0.85 ko 3600, ba ta da ma'auni, kuma takan raunana binciken a wannan layin. Maganinta shi ne ka ba kowace lamba suna da ma'auni a saman samfuri, ko da kana ganin ɓata lokaci ne.

Simulink da Simscape ba abu ɗaya ba ne

Mutane kan ce "na yi a MATLAB" kamar magana ta ƙare. A batun ma'auni, tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu, da ke aiki a cikin MATLAB ta kamfanin MathWorks, ta fi wadda ke tsakanin Simscape da Modelica.

Simulink zanen sigina ne. Tun sigar R2016a ana iya maƙala ma'auni a bakin akwati, kuma idan mita ta haɗu da ƙafa a mahaɗa zai nuna, har ya iya juyawa. Sai dai ma'aunin ba ya ratsa akwatunan da ke haifar da sabuwar lamba, irin na tarawa da na ninkawa. Ka ninka matsi da gudun ruwa, Simulink ba zai gaya maka wat ne ya fito ba. Kenan a daidai wurin da lissafin kimiyya ke faruwa, a nan gadin ya tsaya. Yana da amfani idan ƙungiyoyi da yawa ke haɗa sassan babban tsari, amma bai isa ya kare ɗalibi daga kuskuren jimlarsa ba.

Simscape kuwa ɗan'uwan Modelica ne a tunani: mahaɗai na zahiri, kowace lamba da ma'auninta. Ya ma zarce a wuri ɗaya. Jimlar da ɓangarorinta ba dangi ɗaya ba ba za ta ginu ba sam, kuma idan dangi ɗaya ne ma'auni ya bambanta, shi zai juya da kansa. A tsananin bincike tun daga kwali, ba tare da ka kunna komai ba, ban ga wanda ya fi shi ba cikin ukun nan. Wurin taka-tsantsan shi ne akwatin da ke shigo da siginar Simulink cikin duniyar Simscape. A nan kai ne za ka faɗi ma'aunin lambar da ke shigowa, kuma idan zafi ne akwai wani ɗan zaɓi da ke tantance ko a ƙara 273.15 ko kar a ƙara. Matsalarsa babba ita ce lasisi. Idan makarantarku ta biya, madalla. Idan ba ta biya ba, ko kana son bayan kammala karatu ka miƙa wa ƙungiyar manoma ko ƙaramin kamfani samfurin su ci gaba da shi, ka gina gida a filin aro.

Python da Pint: ma'auni a hannunka, muddin kana riƙe

Pint taska ce ta kyauta ta harshen kwamfuta na Python da Hernán Grecco, masanin kimiyya ɗan Ajantina, ya fara. Tana ɗaure lamba da ma'auninta su zama abu ɗaya, duk inda lambar ta je ma'aunin ya bi ta. Ka ninka mita kubik 3 a awa da mita 40 da sauran, ka ce a ba ka da wat, ta ba ka 327 ba tare da ka tuna da 3,600 ba. Ka tara mita da sakan, shirin ya tsaya cak da saƙon kuskure. A juya ma'auni babu mai sauƙinta, kuma za ka iya koya mata naka a layi ɗaya: jarka lita 25, ko mudu bisa yadda ka auna shi a kasuwar da kake bincike a kai, tunda mudun wannan gari ba lallai ya zama na wancan ba.

A batun zafi ta yi abin da nake so kowace manhaja ta yi. Farantin sola ana auna ƙarfinsa a digiri 25, kuma na silikon yakan rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru. A ce a tsakiyar bazara farantin ya kai digiri 60. Bambancin 35 ne, asarar kusan kashi 14 cikin ɗari. Wannan 35 ɗin ba zafi ba ne, tazara ce. Idan aka mayar da ita kelbin, 35 ce dai. Manhajar da ta ɗauke ta zafin abu za ta mayar da ita 308.15, faranti ya koma ba ya ba da komai. Pint idan ta cire digiri 25 daga digiri 60 takan ba da wani ma'auni na daban mai nufin tazara, kuma takan ƙi ninka digirin salshiyos kai tsaye har sai ka bayyana nufinka. Sabon shiga yakan ji haushin wannan ƙin, amma gata ake yi masa. Modelica ma ta ware nau'in bambancin zafi daban da na zafi saboda wannan dalili.

Ga nata tarkon. A wurinta radiyan ba shi da dangi, juyi ɗaya kuma radiyan 6.283 ne. Saboda haka idan ka ce ta mayar da juyi 60 a minti zuwa haz (yawan maimaituwa a sakan), ba 1 za ta ba ka ba, 6.283 za ta ba ka, babu gargaɗi. Mai lissafin gudun injin famfo da mitar wutar da ke juya shi, a kan wannan tarkon yake tafiya kullum. Wannan shi ne abu na uku da na ambata, dangi ɗaya gida daban, kuma Pint ba ta gadinsa.

Babban rauninta, wanda ya shafi kwaikwayo kai tsaye, shi ne injin warware lissafi. Don ganin yadda ruwa ke hawa a tanki cikin yini, za ka miƙa lissafinka ga masu warwarewa na SciPy, taskar lissafin kimiyya ta Python, su kuwa lamba tsirara kawai suka sani. Ƙari a kan haka, jerin lambobi ɗaya a Pint ma'auni ɗaya yake ɗauka, alhali jerin da mai warwarewa ke so ya ƙunshi tsayin ruwa da mita, gudun injin da radiyan a sakan, zafin faranti da kelbin, duk a haɗe. Kuma ɗaukar ma'auni a kowane mataki yana rage gudu sosai idan matakan dubbai ne. Abin da masu aiki da ita suke yi shi ne su tsayar da ita a bakin ƙofa: duk abin da zai shiga a karɓe shi da ma'auni, a mayar da shi SI, a tuɓe ma'aunin, a yi lissafi, a mayar masa a wajen fita. Taskar tana da hanyar naɗe aiki don yin hakan. Ni nakan ƙara mataki ɗaya: kafin a tuɓe, a gudanar da jimlolin sau ɗaya tak da cikakken ma'auni, a tabbatar abin da ya fito mita ne a sakan, sannan a saki mai warwarewa. Wani abu kuma, Python sai ya iso layi yake duba shi. Reshen kod da ba ya aiki sai tanki ya cika, kuskurensa zai kwanta har ranar da tankin ya cika.

Jimlolin da ba sa bin ƙa'ida

Akwai wurin da duka ukun ke tuntuɓe, kuma mai aikin ruwa ba zai kauce masa ba. Jimlar Hazen da Williams ta asarar matsi a bututu daga gwaji aka samo ta, ba daga ƙa'idar Fourier ba. Gudun ruwa a cikinta yana hawa ƙarfin 1.852, kuma lambar da ke gabanta 10.67 ce idan da mita ake aiki, 4.727 idan da ƙafa. Jimlar Manning ta magudanar ruwa ma haka, 1 idan da mita, 1.49 idan da ƙafa. Lanƙwasar famfo da kamfani ke bugawa, wato zanen da ke nuna yawan ruwan da famfo ke turawa a kowane tsayi, ita ma idan ka mayar da ita jimla, lambobinta suna ɓoye da ma'aunin takardar da ka kwafo. Manhaja mai tsanani za ta ƙi waɗannan, mai sassauci ta karɓa ba tare da ta gane komai ba. Abin da na ga ɗalibai suna yi shi ne su kashe binciken gaba ɗaya saboda layi ɗaya ya dame su. Kada ka yi haka. Ka killace jimlar a ɗan ɗaki nata, ka raba kowane abin shiga da ma'aunin da jimlar ke so domin ya zama lamba tsirara, ka ninka sakamakon da ma'auninsa a wajen fita, ka rubuta a samansa daga wace takarda ka ɗauko ta. Idan kuma da hali, ka koma jimlar Darcy da Weisbach, wadda dangoginta suka daidaita da kansu.

Sauran, a gurguje

Abaqus, manhajar kwaikwayon ƙarfin kayan gini da na injuna, ba ta san ma'auni ba ko kaɗan. Kai za ka zaɓi tsari ka tsaya a kai. Wanda ya zana da milimita da nyuton dole ya rubuta nauyin ƙarfe da tan a milimita kubik, wato 7.85 sau goma a ƙarfin -9, ba 7,850 ba. OpenFOAM, ta kwaikwayon gudun ruwa da iska, tana duba dangi da jerin lambobi bakwai a kan kowane fili, ta tsaya idan an tara abin da bai dace ba, amma ba ta san inci daga mita ba. Vensim, ta masu nazarin tsarin tattalin arziki da al'umma, tana ɗaukar ma'auni a matsayin suna kawai. Za ka iya rubuta buhu a wata ko naira a buhu ta duba maka daidaito, ba ta juya komai, har wata goma sha biyu a shekara sai ka rubuta da hannunka; ga samfurin rumbun hatsi ko kasuwar taki wannan ya wadatar. Masu rubuta injin kwaikwayo tun daga tushe kuma suna da F#, wanda Andrew Kennedy ya shigar masa da ma'aunai daga binciken digirinsa na uku a Kambrij, da Boost.Units a C++, da Unitful a Julia. A F# da Boost.Units ana gama binciken kafin shirin ya fara gudu, don haka ba ya cin lokaci a wajen aiki, kuma yana duba har reshen da ba a taɓa bi ba.

Inda bango ke tsagewa

A ranar 23 ga Satumba 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya ɓace a bayan duniyar Mas. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da ƙarfin turin ƙananan injuna da fam sau sakan, manhajar masu tuƙi na NASA tana karanta fayil ɗin a matsayin nyuton sau sakan. Bambancin ninki 4.45 ne. Kumbon da aka nufa ya wuce a tsayin kilomita 226 ya sauko kusan 57. Ana yawan kawo labarin nan don tallar taskokin ma'auni, amma a lura: kowace manhaja a cikin gidanta lissafinta daidai yake, dangi ma daidai yake. A fayil ɗin da ke tsakaninsu lambar ta yi tafiya tsirara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Famfonmu ma yana da irin wannan tsaga. Ɗalibai kan sauko da bayanan hasken rana daga shafin NASA POWER. Idan ka zaɓi rukunin makamashi, hasken zai zo da kilowat-awa a murabba'in mita a yini. Idan ka zaɓi rukunin noma, da megajul zai zo. Tsakaninsu ninki 3.6 ne, wato 6 a can ita ce 21.6 a nan. Bayanin na rubuce a saman fayil ɗin, a layukan da kowa ke gogewa kafin ya loda shi. Daga nan babu Modelica ko Simscape da za ta cece ka, domin duk abin da ka ce mata lambar take nufi shi za ta yarda. Ƙa'idar FMI, wadda ake musayar samfuri da ita tsakanin manhajoji, ta tanadi wurin rubuta ma'aunin kowane mazubi da dangoginsa, amma sai mai fitarwa ya cike, mai karɓa kuma ya duba. Fayil ɗin Excel da abokin aiki ya turo maka ba shi da ko wannan.

To, wacce za ka ɗauka?

Idan aikinka na'urori ne da ke haɗe da juna, lantarki da juyi da ruwa da zafi kamar famfon nan, ka ɗauki OpenModelica. Ka yi amfani da nau'o'in taska maimakon lamba tsirara, ka kunna binciken ma'auni, ka ɗauki gargaɗinsa da muhimmancin kuskure. Makonni biyu na farko za su yi maka nauyi, musamman saƙonnin kuskurenta da ba su da sauƙin fahimta, amma samfurin naka ne, kowa zai iya buɗe shi. Idan kana da lasisi tabbatacce, kuma mai duba aikinka ko ma'aikatarku a MATLAB suke, Simscape zai ba ka gadi mafi tsanani da ƙaramar wahala. Ka dai gina ɓangaren na'urar a Simscape, ka bar wa Simulink ɓangaren sarrafawa.

Idan kuwa jimlolinka ba su wuce biyar ko goma ba, amma bayanai suna zuwa maka daga wurare da yawa, takardar kamfani, tashar yanayi, awon da ka yi a gona da jarka da agogon waya, to Python da Pint ne naka, domin haɗarinka a bakin ƙofa yake, ita kuma a nan ta fi ƙarfi. Ni a aikin famfon sola haɗa biyun nake sa ɗalibai su yi. Ɗan gajeren shiri na Pint ya karanta kowane fayil, ya ƙi karɓar duk ginshiƙin da ba a rubuta ma'auninsa a kai ba, ya mayar da komai SI, sannan ya miƙa wa OpenModelica. Kafin su kawo mini hoto ko ɗaya, sai sun kawo takarda guda da suka lissafa wat ɗin famfon da biro, mu ajiye ta kusa da allo mu ga ko 327 ɗin ta fito.